Gida a gaba, mota a baya: Halin da kasuwar motocin tafi-da-gidanka ke ciki a Amurka

Duk shekara, da zarar sanyi ya kunno kai a arewacin Amurka da Kanada cikin watan Oktoba ko Nuwamba, manyan hanyoyin da suka nufi kudu kan cika da wasu motoci masu girman bas, kowace tana jan wata ƙaramar mota a bayanta wadda babu kowa a ciki. Akasarin matuƙan 'yan fansho ne masu gudun ƙanƙara, waɗanda kan yada zango a jihohin Arizona da Texas da Florida har zuwa watan Maris ko Afrilu. Wani irin cin rani ne, amma na masu hali.

Babbar motar ita ce gidan. A cikinta akwai gado da kicin da banɗaki da firji da tankin ruwa, wasu ma har da injin wanki. Idan an ce tafi-da-gidanka a kan wayar salula ko kotu, kwatance ake yi, amma a nan maganar a zahiri take.

Wani bincike da ƙungiyar masu ƙera irin waɗannan motoci ta Amurka, wato RVIA, ta fitar a shekara ta 2021 ya nuna cewa magidanta fiye da miliyan 11 ne suka mallaki ɗaya daga cikinsu, ko mai inji ko kuma wadda ake ja kamar tirela. A wannan shekarar ce masana'antu suka kai wa dillalai guda 600,240, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. Shekara biyu bayan nan, a 2023, adadin ya faɗo zuwa 313,174, wato kusan rabi.

Wannan faɗuwa ce ta sa masana tattalin arziki suka sake mayar da hankali kan kasuwar, domin an daɗe ana kallonta a matsayin ma'aunin aljihun Ba'amurke mai matsakaicin ƙarfi. Kuma tambayar da mai saye kan fara yi wa kansa, wato me zai ja kuma da me zai ja shi, ta ƙunshi kusan dukkan matsalolin da suka dabaibaye harkar: tsadar mai, kuɗin ruwa, sauyin fasahar motoci da kuma dokokin muhalli.

Me ya sa ake jan mota?

Amsar tana cikin girman gidan. Waɗanda ake kira rukunin A, masu siffar bas, tsawonsu kan kai mita 8 zuwa kusan 14. Idan mutum ya isa sansani sai ya daidaita motar a kan ƙafafun ƙarfe, ya jona wayar lantarki da bututun ruwa da na bahaya, ya buɗe ɓangarorin da ke turowa waje don ƙara faɗin ɗaki. Ba zai kwance duk wannan ba don kawai ya je sayen burodi. Ko ya kwance ɗin ma, babu inda zai ajiye ta a tsakiyar gari.

Ga kuma gandayen dajin gwamnatin tarayya, waɗanda su ne babban abin da ake zuwa gani. An gina sansanoninsu da dama ne a shekarun 1950 da 1960, lokacin da motocin ba su kai haka girma ba. A gandun dajin Glacier da ke jihar Montana, alal misali, an hana duk motar da ta wuce ƙafa 21, kimanin mita 6 da rabi, bin tsakiyar shahararriyar hanyar da ta ratsa duwatsun wurin. Wanda ya zo da gida mai mita 12 kuma bai jawo ƙaramar mota ba, sai dai ya shiga motar haya.

Hanyoyin jan guda uku ne. Wadda aka fi so ita ce a bar tayoyin motar huɗu a ƙasa, a haɗa ta da gidan da wani ƙarfe mai ƙafa biyu, ta riƙa bin sawu kamar ɗan raƙumi. Amurkawa kan yi wa irin wannan mota laƙabi da kwaɗo, saboda a Turanci sunan kwaɗo da kalmar abin da aka ja furucinsu ɗaya ne. Haɗawa da kwancewa ba sa wuce 'yan mintoci, kuma babu wani kayan da zai tare wuri a sansani. Illarta ita ce ba a yin ribas. Direban da ya shiga lungun da ba ya ɓullewa, ko gidan man da ba shi da mafita, dole ya sauko ya kwance motar kafin ya juya. Bayan haka sai an kashe 'yan dubban daloli wajen ɗaura mata maƙalin ƙarfe a gaba, da wayoyin fitila, da na'urar da ke taka mata birki a duk lokacin da direban gidan ya taka nasa. Yawancin jihohi sun wajabta wannan birki idan abin da ake ja ya wuce wani nauyi, sai dai kowace jiha da nata ma'aunin, abin da kan rikita matafiyin da zai ratsa jihohi biyar a mako guda.

Ta biyu ita ce a ɗora tayoyin gaba a kan wani ɗan amalanke mai taya biyu, na baya su tsaya a ƙasa. Tana da araha, amma ta fi dacewa da motar da tayoyin gaba ne ke janta. Ta uku kuwa ita ce a ɗora motar baki ɗaya a kan tirela. Wannan ba ta cutar da kowace irin mota, sai dai tana ƙara nauyi da tsawo, ga shi jihohi da dama, ciki har da Kalifoniya, sun ƙayyade jimillar tsawon a ƙafa 65, kusan mita 20.

Nauyin ba abin wasa ba ne. Gidaje da dama masu amfani da man fetur an ƙera maƙalinsu ne don ya ja abin da bai wuce fam 5,000 ba, kimanin kilo 2,270. Motar Jeep Wrangler mai ƙofa huɗu ita kaɗai ta doshi tan biyu. Wanda ya ɗora ta a kan tirela ya riga ya ƙetare iyaka tun bai bar ƙofar gida ba, kuma a gangaren duwatsun Colorado ne birki kan tona asirin irin wannan lissafi.

Motocin da ake iya ja suna raguwa

A shekarun baya kusan duk motar da ke da giyar hannu ana iya saka ta a firi a ja ta. Yanzu irin wannan giya ta kusa ɓacewa daga kasuwar Amurka. Giyar otomatik kuwa tana da famfon da ke watsa mata mai, kuma a yawancin motoci inji ne ke juya shi. Idan inji na kashe tayoyi kuma na gudu, ƙarafan cikin giyar za su yi ta juyawa a bushe har su ƙone, kuma kamfani ba ya biyan irin wannan ɓarna.

Motar Honda CR-V misali ce da masu harkar suka sani. Ta daɗe tana cikin waɗanda aka fi ja, har zuwa samfurin 2014. Daga samfurin 2015 kamfanin ya koma wata sabuwar giya mai tsimin mai, kuma ya daina amincewa a ja motar da tayoyi huɗu a ƙasa. Shi ya sa tsofaffin samfuran suke da farin jini a wajen masu gidajen har bayan shekara goma. Waɗanda suka ci gajiyar wannan giɓi su ne motoci irin Jeep Wrangler da Ford Bronco, masu wata ƙaramar giya ta biyu da ke raba tayoyi da inji kwata-kwata. Matsalar ita ce suna da tsada, suna da nauyi, suna kuma shan mai.

Motocin lantarki sun ƙara dagula lissafin. A yawancinsu injin lantarkin a haɗe yake da tayoyi a kowane lokaci, don haka idan aka ja su sai ya koma kamar janareta, ya riƙa samar da wuta da zafi. Kamfanin Tesla ya umarci masu motocinsa su ɗauke su a kan tirela ko babbar mota. Akwai 'yan tsirarun motoci masu haɗa fetur da batir, kamar wasu na kamfanin Ford, da aka yarda a ja su, amma ba su da yawa.

Ganin haka, mafi yawan masu saye kan juya lissafin: maimakon gida ya ja mota, mota ta ja gida. Kusan tara cikin kowane goma da masana'antu ke fitarwa tireloli ne marasa inji, waɗanda ake ja da a-kori-kura. Inji ɗaya ne za a kula da shi, kuma idan an isa sansani sai a kwance tirelar a shiga gari da motar. Wasu kuma, musamman matasa, sun koma ƙananan motocin rukunin B, masu girman bas ɗin haya, waɗanda ba sa bukatar jan komai. Takurar wurin kwana ita ce kuɗin da suke biya.

Garin da ke fara jin zazzaɓi

Duk wani sauyi a zaɓin masu saye, a wuri guda yake fara bayyana. Yankin Elkhart da ke arewacin jihar Indiana shi ke ƙera kimanin kashi 80 cikin ɗari na irin waɗannan motoci a Amurka. A can ne manyan kamfanoni biyu da suka mamaye kasuwar suke, wato Thor Industries da kuma Forest River, wanda kamfanin Berkshire Hathaway na attajiri Warren Buffett ya saya a 2005.

Babu wanda ke sayen gidan yawo don dole, kuma akasari da bashi ake saye, wani lokaci na shekara 15 ko 20. Saboda haka shi ne abu na farko da iyali kan ɗage idan suka fara shakkar gobe. A 2006 masana'antun sun fitar da guda 390,500. Da farashin galan na fetur ya haura dala 4 a tsakiyar 2008, bankuna kuma suka rufe ƙofar rance, sai adadin ya sauko zuwa 165,700 a 2009. Manyan kamfanoni biyu, Fleetwood da Monaco Coach, sun shiga kotun fatara a watan Maris na shekarar, rashin aikin yi a Elkhart kuma ya doshi kashi 20 cikin ɗari. Ba banza ba Shugaba Barack Obama ya je garin a watan Fabrairun 2009, makonni uku bayan rantsar da shi, don neman goyon baya ga shirinsa na farfaɗo da tattalin arziki.

Annobar korona ta kawo akasin haka. An rufe iyakoki, mutane na tsoron jirgi da otal, kuɗin ruwa ya kusa sifiri, gwamnati kuma ta raba tallafi. Gidan da mutum zai tuƙa da kansa, ya kwana a gadonsa, ya ci girkinsa, ya zama abin rububi. Masana'antu suka yi ta aiki ba dare ba rana, kuma ƙorafin masu saye kan rashin ingancin abin da aka ƙera cikin gaggawa a lokacin ya yawaita.

Daɗin bai daɗe ba. A watan Yunin 2022 galan na fetur ya wuce dala 5 a karon farko, na dizal ya kai kusan dala 5.80. Babban gida na rukunin A bai cika yin fiye da kilomita 3 zuwa 4 da lita ɗaya ba, kuma tankinsa kan ɗauki galan 80 zuwa 150. Ke nan cika tanki sau ɗaya na iya lashe dala 500. A daidai lokacin ne Babban Bankin Amurka ya shiga ƙara kuɗin ruwa, daga kusan sifiri a watan Maris na 2022 zuwa sama da kashi 5 cikin ɗari a Yulin 2023. Waɗanda suka saya da tsada a 2021 suka wayi gari bashin da ake bin su ya fi darajar motar, domin gidan taya, saɓanin gidan bulo, kullum darajarsa ƙasa take yi.

Duk da haka, koma bayan tattalin arzikin da wasu suka yi hasashe bisa alƙaluman Elkhart bai auku ba a 2023, kuma a 2024 adadin ya ɗan ɗaga zuwa 333,733. Za a iya cewa a wannan karon ma'aunin ya fi nuna ƙoshin kasuwar da ta yi haɗama a lokacin annoba, fiye da rashin lafiyar ƙasa baki ɗaya. Amma ga ma'aikacin da aka sallama a Indiana, bambancin ba shi da wani amfani. Harajin da gwamnatin Shugaba Donald Trump ta ɗora wa ƙarfe da alminiyom na ƙasashen waje a 2025, wanda ya fara da kashi 25 ya koma 50 cikin ɗari a watan Yuni, ya zama ƙarin nauyi ga masana'antar da kayan aikinta ke nan.

Taƙaddamar Kalifoniya

Dokar muhalli ma ta taɓa kasuwar ta inda ba a zata ba. A 2020 hukumar kula da ingancin iska ta jihar Kalifoniya ta kafa ƙa'idar da ta tilasta wa masu ƙera manyan motoci cewa, daga samfurin 2024, wani kaso na abin da suke sayarwa a jihar ya kasance marar hayaƙi, kason kuma ya riƙa ƙaruwa duk shekara. Wasu jihohi, kamar New York da Oregon da Washington, suka bi sahu. Da motocin dakon kaya aka yi nufi, to amma manyan gidajen yawo a kan shasin irin waɗannan motoci ake gina su, kuma babu mai batir a kasuwa da zai ɗauki wannan nauyi ya yi doguwar tafiya.

A ƙarshen 2024 dillalai suka yi kukan cewa za a daina kawo musu manyan gidajen. Hukumar ta ce ita ba ta haramta komai ba, kamfanonin shasi ne suka zaɓi rage abin da suke turawa. A watan Yunin 2025 Shugaba Trump ya sa hannu kan ƙudurin majalisar dokoki da ya soke izinin da Kalifoniya ta dogara da shi, jihar kuma ta garzaya kotu a ranar. Gaskiyar da kowane ɓangare ya sani ita ce fasahar ba ta iso ba tukuna. Gwaje-gwajen da aka yi da a-kori-kura masu batir sun nuna cewa jan babbar tirela kan rage nisan da suke yi da kusan rabi.

A Turai lamarin daban ne. Lasisin tuƙi na gama-gari ya tsaya a kan kilo 3,500, tituna ƙanana ne, mai kuma ya fi tsada, don haka gidajen ƙanana ne, galibi a kan shasin Fiat Ducato, kuma keke ko babur ake ɗaurawa a baya. Jan mota da ƙarfe mai ƙafa biyu abu ne da aka fi gani a Birtaniya, kuma matafiyan da suka tsallaka da shi zuwa Sipaniya sun sha biyan tara. A Amurka kuwa, a yawancin jihohi, dattijon da bai taɓa tuƙa abin da ya fi motar gida ba yana iya hawa abin da ya kai bas, ya ja mota a baya, da lasisinsa na yau da kullum. Jihohi ƙalilan ne, irin su Texas, ke neman lasisi na musamman idan nauyin ya haura fam 26,000.

Waɗanda ba yawon shaƙatawa suka fito ba

Garin Quartzsite da ke hamadar Arizona mazaunansa ba su kai 2,500 ba a ƙidayar 2020, amma a watan Janairu ɗaruruwan dubban baƙi kan yi dafifi a kewayensa. Filin na gwamnatin tarayya ne. Doka ta yarda mutum ya kafa sansani kyauta na kwana 14 a mafi yawan irin wannan fili, akwai kuma wuraren da ake yankar takardar zama ta wata bakwai, daga Satumba zuwa Afrilu, wadda ta shafe shekaru ana biyan dala 180. A wannan fili ake ganin gidan da ya haura dala miliyan 1 da Jeep a bayansa, a gefensa kuma tsohuwar motar kaya da aka shimfiɗa wa katifa.

Rukuni na biyun ne 'yar jarida Jessica Bruder ta rubuta littafi a kansu a 2017 mai suna Nomadland, wanda fim ɗinsa ya lashe kyautar Oscar a 2021. Da yawansu dattawa ne da rikicin 2008 ya raba da gidajensu, ko waɗanda fanshonsu bai isa biyan haya ba. Suna bin aikin kaka ne, daga girbin gwozar sukari a Dakota ta Arewa zuwa gadin sansanoni da rani. Kamfanin Amazon ya yi shekaru yana ɗaukar irinsu aikin wucin gadi a rumbunansa gabanin Kirsimeti, yana biya musu kuɗin wurin ajiye mota.

Ƙidayar da ma'aikatar gidaje ta Amurka ta yi a dare guda cikin Janairun 2024 ta gano mutum fiye da 770,000 marasa muhalli, ƙarin kashi 18 cikin ɗari a kan na shekarar da ta gabata, kuma masu kwana a mota na daga cikinsu. A biranen gaɓar yamma, tsofaffin gidajen yawo da masu hali suka yar sun zama matsugunin ma'aikata masu ƙaramin albashi. A Mountain View, garin da hedkwatar Google take, masu zaɓe sun amince a 2020 da dokar hana manyan motoci kwana a ƙananan tituna. Birnin Santa Barbara kuwa tun 2004 ya ɗauki wata hanya, inda ake buɗe filayen ajiye motoci na coci-coci da ofisoshi da dare don masu kwana a mota. Hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a watan Yunin 2024 a shari'ar garin Grants Pass, da rinjayen alƙalai 6 a kan 3, ya ba birane damar hukunta masu kwana a wuraren jama'a ko da babu gurbi a gidajen agaji, lamarin da ya ƙarfafa wa masu son tsaurarawa gwiwa.

A dokar Kalifoniya, birni na iya ɗauke motar da ta wuce sa'o'i 72 a wuri guda a bakin titi. Ga mai tsohon gidan da injinsa ya daina tashi, janwen hukuma ne ke zuwa, kuɗin ajiya kuma ya riƙa hauhawa kullum. Idan bai iya biya ba cikin 'yan makonni, sai a yi gwanjon motar ko a kai ta wurin masu yankan ƙarfe, wani lokaci har da takardunsa da magungunansa a ciki.